Inda Hayaƙin Turare Ya Bi

Hajiya Tahiratu ba ta taɓa yarda cewa akwai ɗakin da fenti da labule za su kasa gyarawa ba. Shi ya sa ranar da surukinta ya ce sai an gyara saman gidanta kafin ya kama haya, ta yi murmushi a ɓoye, don a ganinta ya kawo ta fagen da ba ta da na biyu.

Gidan a Tremont yake, cikin Bronx, can Amurka, tsohon gini ne na jan bulo mai hawa biyu wanda ya girmi Hajiya, ya girmi uwar da ta haife ta a Zangon Kumasi. Ita da marigayi mijinta suka saye shi bayan ta daɗe tana aikin kula da tsofaffi, shi kuma yana tuƙa tasi. Tana zaune a ƙasa, saman na 'yan haya ne. To amma saman nan ba ya riƙe ɗan haya. Duk wanda ya shiga lokacin zafi sai ya yi ta yabon faɗin ɗakunan da haskensu, da sanyi ya kankama kuwa sai a gan shi yana saukowa da katifa a ka. Hajiya ta ce mutanen yanzu ne ba su da haƙuri, kuma ba ta nemi jin ra'ayin kowa a kan haka ba.

'Yarta guda ɗaya ce a duniya, Najat. Najat kuma 'yarta ɗaya, Hamdatu, yarinya 'yar shekara huɗu mai surutun tsiya, wadda aka haifa da ciwon sikila. Sanyi ne babban abokin gabar yarinyar nan. Da ya ratsa ta sai ƙasusuwanta su ɗauki ciwo, ta yi ta kuka har muryarta ta dishe. A sanyin da ya wuce, tukunyar dumama ginin da suke haya a Morris Heights ta mutu, mai ginin ya yi ta jan ƙafa, yarinyar ta ƙare a gadon asibiti. Tun daga nan ubanta Hakeem, wanda ke aikin lodin kaya a filin jirgin JFK, ya rantse ba zai sake kai ta wani sanyin a tsohon gini ba. Ya nemi a mayar da shi aiki Columbus, can Ohio, inda wansa yake zaune a sabon gida mai ɗumi, aka kuma ce ya ba da amsa kafin ƙarshen Nuwamba.

Da labarin ya iso wa Hajiya, abinci ya fita ranta. Ohio ba nan kusa ba ce. In suka tafi, ita kenan a Amurka, daga ita sai bango da hoton miji. Ta kira Najat ta ce su dawo saman gidanta, ga shi ba kowa a ciki.

Hakeem ya zo da kansa ranar Lahadi. Ya durƙusa daga bakin ƙofar falo kamar yadda ya saba, idonsa a kan kafet, ita kuma ta juya fuska wajen talabijin, don tun da ya auri 'yarta ba su taɓa haɗa ido na kirki ba.

"Mma, na ji saƙonki, na gode," ya ce. "Amma ba zan zauna gidan surukai kyauta ba. Haya zan kama, kamar kowa. Kuma tunda haya ce, ina da sharaɗi."

"Najat, tambayi mijinki mene ne sharaɗin," in ji Hajiya, alhali mutumin yana gabanta.

Ya yi bayani a hankali. Akwai wata ƙungiya a unguwar da ke auna yadda gida ke riƙe ɗumi, ta ba shi maki daga ɗaya zuwa goma. In saman ya samu shida, zai shigo da iyalinsa, ya manta da Ohio. In bai kai ba, ta yafe masa.

"A gyara shi dai, Mma. Shi kenan abin da nake roƙo."

"Gaya masa ya zo da masu awonsa," Hajiya ta ce. "Har da kakanninsu in suna so."

Washegari ta tsunduma. Ta gyara saman nan irin gyaran da ake wa ɗakin amarya. Aka shafa fenti ruwan madara, aka shimfiɗa kafet mai laushi, aka rataya labulen karan-miski tun daga rufi har ƙasa. Hitocin da ke dumama gidan irin na dā ne, ƙarafa masu haƙarƙari da ke tsaye ƙarƙashin tagogi suna huci in tururi ya shigo su. Hajiya ta daɗe tana jin haushin muninsu, don haka ta sa aka yi musu akwatunan katako, ta lulluɓe da leshi, ta ɗora furannin roba. A bangon falo akwai wani wuri da ya ɗan kumbura, shi ma ba ta ɓata lokaci a kansa ba, ta sa aka jingina masa ƙatuwar kabad ta gilashi, ta cika ta da kwanuka da tangaran. Da ta gama ta tsaya tsakiyar falon, hannu a ƙugu, ta ce ko goma ɗin nan ta yi kaɗan.

Mai awon mace ce, wata matashiya mai suna Abena, da wandon aiki da takalman maza. Iyayenta mutanen Kumasi ne, ta kuma tashi da 'yan Zango, don haka Hausarta ba laifi. Ta yaba labulen, abin da ya sa Hajiya ta so ta nan take. Daga nan ta rufe tagogi duka, ta toshe ƙofar shiga da wani jan tamfol mai ƙatuwar fanka a tsakiya, ta ce fankar za ta zuƙe iskar ciki waje, a ga yawan wadda za ta kutso ta maye gurbinta.

Ta kunna. Labulen karan-miskin nan suka kumbura suka taso kamar masu shirin tafiya. Gefen kafet ya ɗaga. Wani sanyi ya bi ƙafafun Hajiya, furen roba ɗaya ya faɗo daga kan hita. Abena ta duba na'urarta, ta leƙa rufi, ta taɓa akwatunan katakon, ta yi 'yan danne-danne, sannan ta ɗago da fuskar mai tausayi.

"Maa, uku ne."

"Uku me?"

"Uku cikin goma."

"Ei! Ke 'yar nan, kin ga kafet ɗin kuwa? Kin taɓa shi?"

"Kafet ɗin ya yi kyau paa, Maa. Amma gidan duk hudoji ne. Ɗumin da kike turowa sama ba ya zama, ficewa yake yi. Rufin ba abin da ke tare sanyi a cikinsa. Hitocin kuma kin sa musu riga, ɗakin ba ya samun komai."

"To ina hudojin? Nuna mini in toshe."

Abena ta nuna mata bakin tagogi. Ta ce amma waɗannan ƙanana ne, akwai wata babba a wani wuri da ba ta gano ba, kuma ga wasu gidajen suna jiran ta. Ma'aikatan ƙungiyarsu ne ke bin gida lungu-lungu su toshe, sai dai layi ya yi tsawo, ba za su iso Hajiya ba sai sanyi ya wuce.

Sai sanyi ya wuce. Kafin nan ai Hamdatu ta koyi hanyar makaranta a Ohio.

Hajiya ba ta saduda nan take ba. Ta buɗe akwatinta ta fito da tsofaffin zannuwa, ta yayyaga, ta cusa a bakin kowace taga da wuƙar tebur. Ta zauna a falon tana jiran ta ji canji. Sanyin ya ci gaba da yawo a ƙafafunta, bai ma san an yi wani aiki ba. Ana cikin haka Najat ta kira ta a waya, murya ƙasa-ƙasa, ta ce Hakeem ya fara kawo kwalaye gida. Hajiya ta ce Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri, ta kashe wayar, ta yi kukanta ita kaɗai a kan sabon kafet. Ta ji haushin gidan, ta ji haushin Abena, ta ji haushin kanta fiye da kowa.

Da ta share hawaye ta yanke shawarar ba da saman ga duk wanda ya zo. Amma ko baƙo ne daga wata duniya, Hajiya ba za ta miƙa ɗaki yana warin fenti ba. Tun tana yarinya ta san ba a ba mutum ɗaki sai an turara shi. Don haka ta kira ƙawarta Salamatou.

Salamatou mutuniyar Maradi ce, tana da ɗan shago a kan babban titi inda take sayar da humra da turaren wuta haɗin hannunta. Mace ce mai jiki da murya, kuma za ka iya zagin danginta kaf ta ƙyale ka, amma ban da turarenta. Ta iso da la'asar, ranar da iska ke kaɗa kwandunan shara a titi, ta hau benen tana haki, da kasko a hannu ɗaya da kwalba a ɗayan.

"Bon, Hajiya, rufe ƙofa. Wanga haɗin, in na sa shi yau, ɗan hayarki zai ji shi har azumi."

Ta hura gawayi ya yi ja, ta ajiye kaskon a tsakiyar falo, ta barbaɗa turaren. Hayaƙi ya taso fari mai kauri. Ya yi sama kamar kamu ɗaya, sai ya karye, ya kwanta, ya bi ƙasa yana sauri kamar an aike shi.

Hajiya, duk da baƙin cikin da take ciki, ba ta bar damar tsokana ta wuce ba. "Salamatou, yau kuma wane gari kika zuba mana? Turaren ma gudun ɗakin yake."

"Mi kika ce?" Salamatou ta miƙe tsaye. "Turarena? Jamais, har abada! Ni na jiƙa icen nan da hannuna. Hayaƙina tsaye yake tashi, ya taru a rufi, ya sauko ya zauna cikin labule. A gidajen aure nawa na sa shi a garin nan? Bai taɓa gudun ɗaki ba."

"To ga shi yana gudu."

"Ba gudu yake ba, jan shi ake yi. Wani abu na jan shi. Tsaya ki gani."

Ta ƙara turare, ta ɗauki kaskon, ta bi hayaƙin a sunkuye tana surutai, don ta wanke sunanta kawai. Hajiya ta bi bayanta. Hayaƙin bai je taga ba, bai je ƙofa ba. Ya miƙe sak zuwa kabad ɗin kwanuka, ya lanƙwasa ta gefenta, ya shige baya ya ɓace.

Suka tsaya suna kallon juna. Hajiya ta tuna abin da ta ɓoye a wurin.

Suka kwashe tangaran ɗin suka jera a ƙasa, suka haɗa kafaɗa suka ture kabad. Ga wurin nan da ya kumbura. Da aka matso da kasko, hayaƙin ya manne a gefensa yana shigewa ta wata siririyar tsaga da fenti bai rufe ba. Salamatou ta ƙwanƙwasa, ta ji ba bango ba ne, falankin katako ne. Ta karɓi wuƙar teburin ta zura ta banƙare, falankin ya faɗo da ƙura da gashin tattabaru. A bayansa akwai tsohon murhu na jin ɗumi, irin wanda mutanen dā ke hura wa itace. Hajiya ta durƙusa ta zura kai ta duba sama. Can ƙarshen dogon bututu mai baƙin ƙirin ta hango sararin sama, har da gajimare yana wucewa.

Ta fito da kai, ɗankwali duk toka. "Salamatou, ashe tun da muka sayi gidan nan samaniyar Bronx nake dumamawa."

"Voilà! Yanzu maimaita abin da kika ce kan turarena."

Kafin ta amsa, na'urar gargaɗin gobara da ke rufi ta tsala ihu. Salamatou ta kusa zubar da garwashi a kafet, Hajiya ta hau kujera tana yi wa na'urar fifita da mayafi tana ba ta haƙuri da Hausa da Turanci. Da abin ya yi shiru suka zube ƙasa suna dariya har da hawaye. Tsakiyar dariyar ne Hajiya ta tsaya cak.

"In hayaƙin nan ya nuna wannan, zai nuna sauran."

"Zai nuna mana, in dai iskar ga ba ta kwanta ba."

"Akwai saura a kwalbar?"

"Akwai wata a jaka."

Suka bi gidan nan ɗaki-ɗaki, Salamatou riƙe da kasko, Hajiya riƙe da jambakin da ta zaro daga jakar ƙawarta don ba su da alli. Inda iska ke shigowa hayaƙin sai ya ja da baya, inda take fita sai ya shige. Ko wanne ne, Hajiya ta zana masa jan layi. Suka samu a ƙarƙashin allon tagogi, ba inda ta cusa zannuwa ba. Suka samu a ramukan soket, da gindin bango inda katako ya rabu da daɓe, da wajen da bututun ruwa ya huda bangon kicin ya bar ramin da hannu zai shiga. A cikin ɗakin ajiye tufafi hayaƙin ya miƙe sama ya bi ta wata 'yar ƙofar rufi da Hajiya ba ta ma san da ita ba. Kafin magariba fentin ruwan madarar nan ya koma ja-ja ko'ina. Ta dube shi, ta ji zafin kuɗin fenti a ranta, amma ba ta fasa zana layin ƙarshe ba.

Ta kira Abena ta zayyana mata komai ba ko numfashi. Yarinyar ta yi dariya har wayar na rawa.

"Maa, ai mu ma da hayaƙi muke nema. Namu dai ba ya ƙamshi. Amma don Allah kar ki toshe bututun nan sai na zo. In tukunyar dumama gidan da shi take fitar da hayaƙinta, kika rufe, guba za ta dawo muku ciki."

Ta zo ranar Asabar, ba a bakin aikinta ba. Ta sauka ƙarƙashin gida, ta hau kan rufi, ta dawo ta ce bututun matacce ne, tukunyar tana da nata daban, a toshe. Ta faɗi abin da za a saya, ta nuna yadda ake yi, ta ce in an gama a kira ta, za ta nemo musu gurbin awo kafin wata ya ƙare.

Daga nan gidan Hajiya ya zama kamar gidan biki. Issoufou mijin Salamatou, wanda ya yi aikin gini kafin ya buɗe shago, ya zo da abokansa biyu daga masallaci. Suka rufe bututun sama da ƙasa, suka shiga cikin rufi da ƙyallaye a hanci suka shimfiɗa wata irin auduga mai kauri da ke tare sanyi, suna fitowa suna soshe-soshe suna tsine mata. Mata kuwa suka karɓi bindigar danƙon toshe tsaga. Da farko Hajiya ta ce wannan aikin maza ne, amma da ta matsa ta ga farin danƙon yana fita siriri yana bin tsaga, ta ce ashe zanen lalle ne, a ba ta wuri. Babu wanda ya kai ta miƙe layi. Tana yi tana ba da umarni, tukunyar wake da shinkafa na tafasa a ƙasa.

Abin da ya fi yi mata ciwo hitoci ne. Aka fasa akwatunan katakon, aka naɗe leshin, munanan ƙarafan suka fito fili. Labulen kuma Abena ta ce dole su tsaya a bakin taga, kar su rufe hita. Hajiya ta riƙe almakashi ta daɗe tana kallon karan-miskin nan. Salamatou ta ce ta kawo ta yanke mata. Ta ce a'a, ita ta rataya, ita za ta yanke, ta runtse ido ta sa almakashi.

Duk inda aka toshe sai an kawo kasko ya shaida. In hayaƙi ya karkata, a sake. Issoufou ya yi gunaguni cewa bai taɓa aiki da mai duba aiki mai tsanani irin kaskon matarsa ba. Ranar da aka gama, iska na kaɗawa a waje kamar ranar farko, Salamatou ta ajiye kaskon a tsakiyar falo ta barbaɗa turare. Kowa ya zuba wa kaskon ido. Hayaƙin ya tashi ya miƙe sak kamar taɓarya, ya kai rufi, ya bazu a hankali ya sauko. Salamatou ta dubi Hajiya ta ɗaga gira, Hajiya ta ce ta janye maganarta a gaban shaidu.

Aka buɗe tagogi gidan ya sha iska, aka goge jambaki, aka shafa fenti inda ya ƙi goguwa. Ranar awo Hajiya ta ce wa Najat ta zo da mijinta, ya gani da idonsa.

Hakeem ya tsaya daga bakin ƙofar kicin, hannu a baya. Fuskarsa ba ta nuna komai ba, amma Najat ta riga ta gaya wa uwarta cewa amsar Ohio tana rubuce a wayarsa, turawa kawai ta rage. Abena ta kafa jan tamfol ɗinta ta kunna fanka. Hajiya ta kafa wa guntayen labulenta ido. Ba su motsa ba. Kafet ya kwanta abinsa. Fankar ma sai da Abena ta rage mata baki, don iskar da take samu ta yi kaɗan. Ta leƙa rufi da tocila, ta taɓa hitoci, ta sauka ta duba tukunya, ta dawo ta yi ta danne-danne. Hajiya tana jan carbi, ba ta san me take karantawa ba.

"Maa," Abena ta ce, tana ƙoƙarin ɓoye murmushi. "Bakwai."

Salamatou ta rangaɗa guɗar da sai da maƙwabta suka leƙo ta taga. Najat ta rungume uwarta tana kuka. Hajiya kuwa ta manta da wata kunyar suruki, ta gyara ɗaurin zani ta taka rawa daga falo har bakin kicin, ta tsaya a gabansa, ta dube shi ido cikin ido karo na farko tun ranar ɗaurin aure.

"Baban Hamdatu, shida ka ce. Ga bakwai. Ɗayan na sama kyauta ce, ba sai ka biya ba."

Hakeem ya durƙusa. Da ya ɗago, idanunsa sun yi ja. Ashe shi ma bai so tafiyar ba, tsoro ne ya kore shi.

"Mma, Allah ya saka da alheri. Yaushe zan karɓi makulli?"

"Ka fara goge abin da ka rubuta wa mutanen Ohio, ina kallo. Sannan ka ji dokokina, tunda kai ka ce kamar kowa. Ba a buga mini ƙusa a bango. Huda ɗaya na gani a gidan nan, ni da kai ne."

Suka tare kafin watan ya ƙare, da kwalayen da aka tara don Ohio.

Sanyin shekarar bai zo da wasa ba. Wata safiya cikin Janairu aka wayi gari ƙanƙara ta binne motoci, an rufe makarantu, rediyo na gargaɗin kar kowa ya fita sai dole. Hajiya na zaune kan darduma bayan ta idar da walaha, sai ta ji dif-dif-dif a saman kanta, daga wannan kusurwa zuwa waccan, sannan wani abu ya faɗi tim. Ta miƙe zumbur. Ta san irin ranakun da ciwon ke tashi, kuma wannan ɗaya ce daga cikinsu. Ta haye benen ba ko takalmi, ta tura ƙofa ba sallama.

Hamdatu ce ke tsere da kanta daga kicin zuwa falo, ƙafa ba safa, daga ita sai 'yar shimi. Kujera ta ture. Najat na daga kicin tana faɗa cewa za ta fasa wa kakarta kai da hayaniya. Yarinyar ta hango Hajiya ta sheƙo ta faɗa jikinta tana haki.

"Kaka! Kaka, I'm winning!"

"Wa kike tsere da shi, 'yar nema?"

Hajiya ta durƙusa ta riƙe fuskarta da hannu biyu, tana duba idanun, tana taɓa gwiwoyi da yatsu kamar yadda ta saba, tana neman inda ke ciwo. Babu. Sai ta ga wani abu na ƙyalli a kan karan hancin yarinyar da gefen goshinta. Ta sa ɗan yatsa ta shafo, ta kai kusa da idonta ta duba da kyau.

"Najat," ta kira. "Najat, zo ki gani. Gumi take yi."